Ranar da Daɓen Abu Talal Ya Gasa Baƙi

Duk wanda ya san Ajlun ta ƙasar Urdun ya san sanyinta, duk wanda kuma ya san unguwarmu ya san Abu Talal, don shi ba a nemansa, bakinsa ke riga shi isa wuri. Tsohon direban tankar ruwa ne. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙarar da ita yana kai wa mutane ruwa idan na gwamnati ya yi nawa, yana harba shi da famfo zuwa tankunan da ke saman rufin benaye. Ya ajiye tuƙi, amma labarin bai ajiye ba. Ka ce masa ina kwana, kafin ka sauke hannu ya gaya maka yadda ya taɓa cilla ruwa saman wani dogon bene a Amman har ya yi wa shirwa wanka tana cikin tafiyarta.

Ɗansa Talal, da ke aiki a Jamus, shi ya jawo mana wannan fitina. Ya aiko aka shimfiɗa siraran bututai a ƙarƙashin daɓen ɗakin baƙi, irin waɗanda ruwan ɗumi ke zagayawa a cikinsu, ɗumi ya riƙa tasowa ta ƙasa, a huta da murhun kananzir da warinsa. Mai aikin ya shimfiɗa, ya rufe da tayil, ya kafa tukunyar dafa ruwan mai aiki da dizal a ɗan ɗakin bayan gida, sai wani aiki ya kira shi Aƙaba. Abu ɗaya ya rage, famfon da zai riƙa juya ruwan. Ya ce a jira shi ya dawo su saya tare.

"In jira ka?" in ji Abu Talal. "A kan famfo? Ni da na yi furfura a gindin famfo? Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Akwai kuma dalilin gaggawar. 'Yarsa Rawan, malamar makaranta, ta daɗe tana son wani mai haɗa magunguna, Yazan, shi ma yana sonta kamar ransa. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne baffan Yazan, Hajji Mijhim, dattijon danginsu a Karak, wanda ya yi shekaru yana cewa ba zai taka ƙafarsa gidan direban tanka ba. Da ƙyar da siɗin goshi aka shawo kansa ya yarda zai jagoranci tawagar neman auren ranar Juma'a. Kowa kuwa ya san halinsa. In ya tashi daga zaman neman aure bai sha gahawarsa ba, to maganar ta mutu, ko uban wa zai roƙe shi ba ya komawa. Abu Talal ya ƙudurta a ransa sai ya nuna wa wannan tsoho cewa gidan direban tanka ya fi fadar Karak ɗumi.

Ya saɓa mayafinsa ya nufi shagon Nayif mai kayan famfo. Ya tarar da shi a zaune yana ɓantarar 'ya'yan kankana yana tofar da ɓawon a cikin gwangwani.

"Nayif, ba ni famfo. Na maza."

"Na ɗakin baƙin nan naka? To, Baffa, layi nawa aka shimfiɗa a ƙasan? Wanda ya fi tsawo a cikinsu mita nawa ne? Faɗin ɗakin kuma..."

"Kai malamin ƙidaya ne? Famfo na ce ka ba ni, ba tarihin kakannina na zo ba ka ba."

Nayif bai ko tashi ba. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani ɗan jan abu da bai wuce kan mage ba, ya dire masa. Abu Talal ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya juya shi, ya leƙa ƙasansa.

"Wannan fa? Na wanke wa jarirai hanci ne?"

"Shi ne daidai ɗakinka."

"Bene hawa nawa yake kai ruwa?"

"Ba hawa zai yi ba, Baffa. Ruwan nan a rufe yake, inda ya fita nan yake dawowa. Jakin da ke juya dutsen matsar zaitun ka sani? Zagaye kawai, a hankali, ba gudu ba tsayawa. Ka ga wannan maɓallin? Sa shi a tsakiya ka manta da shi."

"Jaki! A gidana! Ranar da Hajji Mijhim zai zo! To kunna in ji ƙararsa."

"Ba ya ƙara."

Abu Talal ya dube shi da tausayi. "Famfon da ba ya ƙara, ta ina za a san an saya?"

Can a lungun shagon idonsa ya faɗa kan wani ƙaton koren famfo, ya yi ƙura, bakinsa kuwa hannun ƙato zai shige har gwiwa. Nan take fuskarsa ta washe, ya je ya shafa shi kamar ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe a tafiya.

"Yauwa! Ga ɗan halak."

"Na gonar ayaba ne wannan," in ji Nayif. "Can kwarin Urdun ake kai su. Bututun ɗakinka kaurin yatsa ne, Baffa. Ka haɗa su da wannan, wallahi sai sun yi kuka."

"Su yi. Ai haka ake koyon aiki."

Nayif ya ajiye gwangwaninsa, ya leƙa waje ya ƙwala wa wanzami da mai suyar falafil, ƙosan ƙasarmu, kira. Da suka zo ya ce, "Ku zama shaida, na nuna masa ƙarami ya ƙi. Kai kuma Baffa, in aka tambaye ka inda ka samo wannan, ka ce tsintarsa ka yi a hanya."

Ƙarti ne suka ciccibo ƙaton famfon zuwa gida, Abu Talal na gaba yana ba da hanya kamar mai rakiyar amarya. Tun a hanya ya raɗa masa suna Bijimi. Da aka shigar da Bijimi ɗakin tukunya sai ya ƙi samun wurin zama, don akwai wani ƙarfen tagulla mai baki uku da ya tare masa hanya. Abu Talal ya sa sifana ya kwance shi ya wurga waje. Ƙarfen ya faɗi kusa da katanga, daidai inda maƙwabcinsa Abu Jiryis, tsohon mai gidan burodi, ya jingina yana kallon ikon Allah.

"Maƙwabci, wannan da ka yar fa, ba shi da aiki?"

"Ɓarawo ne. Wai mai sirka ruwa. In sayi dizal, in tafasa ruwa, shi kuma ya laɓe a hanya yana zuba masa na sanyi kafin ya shiga ɗaki. Ka taɓa jin sata irin wannan?"

"Ni dai burodi na sani," in ji Abu Jiryis. "Amma ko tanda ba a ba ta wuta duka."

"Shi ya sa ka mutu a burodi."

Ranar Talata aka yi gwaji. Abu Talal ya tara 'yan unguwa a tsakar gida, ya yi bisimilla da ƙarfi don na nesa su ji, ya danna maɓalli. Bijimi ya yi wani gurnani da ya sa kajin Abu Jiryis suka haye bishiyar ɓaure. Gidan ya ɗauki rawa. Kofunan shayin matarsa Ummu Talal suka fara tafiya da kansu a kan kanta, ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa. Hoton kakan gidan da ke bango ya karkace, ya zama kamar tsohon yana leƙen wanda ya yi wannan aika-aika. Daga ƙarƙashin daɓe kuma wani siririn fito ke tashi, mai shiga haƙori.

"Kun ji?" Abu Talal ya ɗaga murya, don sai da ihu ake jin juna. "Wannan shi ne famfo!"

"Me ka ce?" in ji wanzami.

"Na ce lafiya ce ke magana!"

Ba a jima ba sai ga ihun Ummu Jiryis, matar maƙwabcin, daga ƙetaren katanga. Ashe akwai wani bututun shan iska da ya hau rufi, kusa da tankin gidan. Da ruwan ya rasa inda zai bi a siraran bututan nan, sai ya bi ta can, ya yi sama ya dawo kan shanyarta. Zannuwan gadon da ta wanke tun safe suka sha ruwa mai tsatsa.

"Abu Talal! Allah ya isa tsakanina da kai! Ruwan sama ma yana sallama kafin ya sauko!"

"Ki yi godiya, Ummu Jiryis, ɗauraya ce kyauta!"

Kafin a kashe Bijimi ya zuƙe tankin gidan ƙarƙaf, ruwan gwamnati kuwa sai wani makon. Ummu Talal ta fito daga kicin da tukunyar da ba ta samu ruwan wankewa ba, ta tsaya a gabansa.

"Baƙi na tafe ranar Juma'a. Da me zan dafa? Da bakinka?"

Dole aka kira tanka. Wanda ya zo kuwa ba kowa ba ne sai Abu Rakan, tsohon abokin hamayyarsa a sana'a, wanda suka yi shekaru suna ƙwace wa juna masu saye. Ya yi ta danna hon tun daga bakin layi har sai da kowa ya leƙo.

"Ina gidan da babu ruwa? Af, gidan sarkin ruwa ne ashe! Sannu, Abu Talal. In sa maka a tanki ko in zuba wa maƙwabta kai tsaye, in rage maka wahala?"

Abu Talal ya yi kamar bai ji ba. Da tanka ta tafi ya hau rufi da guntun icen zaitun da guduma, ya cushe bakin bututun shan iskar, ya naɗe shi da waya tamau. Ya sauko yana kaɗe hannu, ya ce wa Abu Jiryis ya toshe wa munafuki baki.

Ranar Alhamis da yamma Rawan ta same shi a ɗakin tukunya yana goge Bijimi da tsumma.

"Baba, don girman Allah, gobe kaɗai. Mu kunna murhun kananzir kamar kowa. In an gama ka yi duk abin da kake so."

"Murhun kananzir? Su koma Karak suna warin kananzir, su ce ai dama gidan direba ne?"

"Su ce. Ni dai ya sha gahawar nan, Baba. Na gaji da jira. Tsoro nake ji."

Muryarta ta karye, ta juya fuska. Abu Talal yana son yarinyar nan fiye da idonsa, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya dafa kanta ya ce, "Don ke nake yi, 'yar baba. Ba wanda zai raina ki a gidan miji bayan ya taka wannan daɓe." Ya kuma yi imani da abin da ya faɗa har cikin ransa, abin da ya sa ba shi da magani ke nan.

Juma'a ta waye da dusar ƙanƙara, gari ya yi fari fat. Tun bayan sallar asuba Abu Talal ya kunna tukunya ya murɗa ta har ƙarshe, ya tayar da Bijimi, ya lulluɓe shi da barguna da tsohuwar katifa don ƙarar ta ragu. Ya shiga ɗakin baƙi ya naɗe dardumar tsakiya ya fitar, ya bar 'yan siraran katifun zama a jikin bango. Ummu Talal ta tambaye shi ko ya haukace ne, ya ce wa zai sayi zinariya ya rufe ta da buhu.

Bayan la'asar motocin Karak suka cika layi. Maza suka firfito cikin manyan alkyabbu, Hajji Mijhim a gaba, dogo, busasshe, da sanda da gashin baki fari. Yazan na can baya cikin kwat. Aka tuɓe takalma a bakin ƙofa aka shiga. Da tafin ƙafarsu ya taɓa tayil sai aka ji "Masha Allah" ta ko'ina, don mutanen sun kwaso sanyi a hanya. Abu Talal ya kumbura har rigarsa ta matse shi.

Aka zazzauna, mutanenmu a gefe guda, baƙi a gefe guda. Mai zuba gahawa ya tsiyaya finjalin farko ya miƙa wa Hajji Mijhim. Tsohon ya karɓa, ya ajiye shi a ƙasa gabansa bai kai baki ba. Haka al'ada take. Finjali zai zauna a nan, ba mai tashi, ba mai fita, har sai uban yarinya ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu." Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Hajji Mijhim ya yi salati, ya yabi gidan da iyakar abin da zai iya, ya nemi auren Rawan ga ɗansu Yazan. Waɗanda suka san shi sun yi mamakin gajartar jawabin, ba su lura ya fara ɗaga yatsun ƙafarsa ba. Ido ya koma kan Abu Talal.

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Marhabin da manyan baƙi. Kafin in ce komai, na san kuna tambayar kanku, wannan ɗumi daga ina? Ba murhu, ba hayaƙi, ba wari. To bari in ɗauko muku daga tushe. Shekarar da na fara tuƙin tanka..."

Abu Jiryis, da ke zaune kusa da shi, ya runtse ido.

Kafin a kai shekarar da ya sayi tankarsa ta biyu, ɗumi ya wuce ɗumi. Limamin unguwa ya janye ƙafafunsa ya ɗora kan katifa. Katifar ma ta ɗauki zafi. Wani mai ƙiba daga cikin baƙi ya tattara matasan jingina ya hau kansu ya tsuguna kamar kaza a kan ƙwai. Alkyabbu suka fara zamewa daga kafaɗu. Gilasan taga suka yi gumi, mutane suka fi su. Wani dattijo ya sa hannu aljihu don ya ɗauko carbi, ya fito da yatsu sharkaf da alewar da ya sayo wa jikokinsa. Yazan, da ya sa safar roba sabuwa, sai musayar ƙafa yake, hawaye na taruwa a idonsa, mutane suna cewa kunya ce irin ta ango.

"...sai Nayif ya kawo mini wani ɗan abu kamar kan mage. Na ce da shi, yaro, ka san da wa kake magana?"

"Maƙwabci," Abu Jiryis ya raɗa masa, "ka ba su amsa. Mun dahu."

"Ina zuwa. Ku taɓa ƙasan nan, jama'a, kada ku ji kunya. Ku taɓa!"

"Ita ke taɓa mu," in ji mai ƙiba daga saman matasai.

Hajji Mijhim kaɗai bai motsa ba. Girman kai ya hana shi janye ƙafa a gidan direban tanka. Tafukansa biyu na shimfiɗe a kan tayil, fuskarsa ta yi jawur, gumi na bin gashin bakinsa yana ɗiga, idonsa na kan finjalin da ke gabansa. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Abu Talal. Gahawa tana jira."

"Yanzu, Hajji, yanzu. Saura in gaya muku yadda na kama ɓarawon da ke sirka ruwa."

Sai aka ji ƙas! Tayil ɗaya a tsakiyar ɗaki ya tsage. Ƙas! Na kusa da shi ya ɗaga baki. Liman ya fara karanta abin da ya sawwaƙa. Abu Talal ya ce kada kowa ya damu, sabon daɓe ne yake miƙa.

Daga saman rufi kuma sai daram! Toshen icen zaitun ya yi sama, ba a sake ganinsa ba sai bayan kwana biyu a gonar wani. Matan da ke cikin gida suna kasa kunne suka ɗauka bindigar murna ce aka harba, an ba da aure. Suka saki guɗa gaba ɗaya, har da tafi.

Hajji Mijhim ya ɗago kai a hankali. "Guɗa? Ban sha ba ake guɗa? Wasa aka kira mu mu yi?"

Ba wanda ya samu damar ba shi amsa, don ruwa ya riga ya sauko. Ya biyo matakalar bene yana tururi, ya ratsa ta bakin ƙofa, ya kwashe takalman baƙi kaf ya yi titi da su. Wani ya yi ihu, "Takalmana!" Shi ke nan, al'ada ta ga ta kanta. Dattawan da ba su yi gudu ba tun suna samari suka yi rige-rigen ƙofa, suna tsalle suna ɗaga riguna. Suka faɗa cikin dusar ƙanƙara ba takalmi, kowa ya cusa ƙafafunsa ciki yana cewa "Alhamdu lillahi" da murya mai daɗi. Unguwa kuwa ta cika rufi da tagogi. Ummu Jiryis har kujera ta fito da ita.

Ummu Talal ce ta je ta sauke babban makunnin wutar gidan. Bijimi ya yi tari sau biyu ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoratarwa.

Hajji Mijhim shi ne na ƙarshe da ya fito. Bai yi gudu ba. Ya tako a hankali yana dogara sanda, bai dubi kowa ba, ya nufi motarsa. Yazan ya bi shi yana "Baffa, Baffa," tsohon ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Finjali na can cikin ɗaki, ba a taɓa shi ba.

Abu Talal ya tsaya a bakin ƙofa yana shirya yadda zai ce laifin bututan Jamus ne. Sai ya ɗaga kai ya ga Rawan a tagar sama, cikin rigar da ta ɗinka don wannan rana. Ba kuka take ba. Kallonsa kawai take yi, kallon wadda ta riga ta san haka za a yi. Tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba.

Ya juya da gudu ya koma ɗakin. Waɗanda ke kusa da taga sun gan shi yana tsalle a kan tayil kamar fara a kasko, yana "Wayyo! Wayyo Allah!" har ya kai ga finjalin. Ya ɗauko shi da hannu biyu, ya fito, ya ratsa taron, ya cim ma tsohon ya riga ya kama murfin mota.

"Hajji! Gahawarka. Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu. Na ba ku, wallahi na ba ku!"

Hajji Mijhim ya dubi finjalin, ya dubi mai riƙe da shi. "Da buƙata ɗaya na zo. Yanzu sun zama biyu. Ina so in san irin gidan da za mu haɗa jini da shi. Faɗa mini a gaban mutanen nan, wa ya haɗa wannan azaba?"

"Ai, Hajji, ka san kayan Turawa, ba a yi su don ƙasarmu ba. Shi kuma mai shagon da ya..."

"Ina da shaidu!" Muryar Nayif ta taso daga cikin taro. Wanzami da mai falafil suka ɗaga hannu.

Tsohon ya buɗe murfin mota ya sa ƙafa ɗaya ciki.

"Ni ne!" Abu Talal ya faɗa da ƙarfin da har na kan rufi suka ji. "Ni ne, Hajji. Ban san komai a kansa ba. An nuna mini daidai na ƙi, an gaya mini na toshe kunne. Direban tanka ne ni, tura ruwa sama kawai na iya, shi ma Abu Rakan ya fi ni. Yarinyar nan jiya ta roƙe ni har da hawaye in kunna murhun kananzir. Ba ta da laifi sai na zama 'yata. Ka zage ni, ka ba da labarina a Karak har ka gaji, amma kada ka tafi ka bar mata wannan finjali."

Mu da muka shekara muna jin bakin nan ba mu taɓa jin ya fitar da irin wannan ba. Ƙafafunsa sun yi ja a cikin ƙanƙara.

Hajji Mijhim ya dube shi. Sannan ya fito da ƙafar da ya sa a mota, ya miƙa hannun dama ya karɓi finjalin, ya kai baki ya kurɓa. Nan take ya yamutsa fuska ya shafa leɓe.

"La ilaha illallahu. Na sha gahawa da yawa da ta huce tana jiran amsa. Yau na ga wadda ta jira ta ƙara zafi." Ya shanye sauran, ya girgiza finjalin ya miƙa. "Liman, karanta mana Fatiha a nan. Ba mai mayar da ni ɗakin can."

Aka ɗaga hannuwa a tsakiyar titi, manyan mutane ba takalmi, tururi na tashi daga kwata. Da aka shafa, guɗa ta ɓarke daga sama, ta gaskiya wannan karon, Ummu Jiryis ma ta taya daga kan kujerarta. Yazan ya zauna a ƙasa yana ɓamɓare safa daga ƙafarsa yana dariya yana kuka.

Shi kuwa Abu Talal, maganar tsohon ce ke masa yawo a ka. Gahawar da ta jira ta ƙara zafi! Ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya juya ga taro, ya ɗaga yatsa, ya ja numfashi.

"Kun dai ji da bakin Hajji. Ai shi wannan famfon, in ka..."

"Baba."

Daga tagar sama ta faɗa, ba da ƙarfi ba. Ya ɗaga kai ya dube ta. Bakinsa ya zauna a buɗe, sauran maganar tana ciki, Abu Jiryis ya rantse ya ga maƙogwaronsa ya motsa lokacin da ya haɗiye ta. Ya sauke yatsan, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a bakin kwata ya shiga laluben takalmin Hajji.